Yadda ake fentin akwatin fedal ɗin jita da manna masa sitika ba tare da ya kwaɓe ba

Tun ranar da na je wajen rihazal da ɗan fedal ɗin nan nawa ruwan ƙwai da na haɗa da hannuna, wato ɗan akwatin lantarkin da mai kaɗa jita ke takawa ya sauya sauti, ban huta ba, kowa tambayarsa ɗaya, wai wane kamfani ne, in na ce ni na yi sai a ce to fentin fa, to rubutun fa, waye ya buga maka. Wasu ma sun riga sun iya haɗa sakit ɗin, wato kayan lantarkin ciki, sun iya dalma sarai, sauti yana fita lafiya lau, amma akwatin yana nan tsirara kamar gwangwanin kifi, an ɗauki alƙalamin maka an rubuta sunan kowane nob, wato maɓallin murɗawa, a kai. To na gaji da bayani ɗaya bayan ɗaya, ga shi nan gaba ɗaya yadda nake yi. Amma tun yanzu ka sani, ainihin aikin hannu a ciki bai wuce na awa uku ko huɗu ba, sauran duk jira ne, kuma jiran zai ci maka mako guda har da ɗoriya. In akwai wasan da za ka kai fedal ɗin jibi, dan Allah ka bar fentin sai ka dawo.

Kayan aiki da inda kuɗin yake tafiya

Akwatin da kusan kowa ke amfani da shi na alminiyam ne, irin samfurin kamfanin Hammond, ko kwafinsa. 1590B shi ne ɗan madaidaici, wajen milimita 112 a tsawo da 60 a faɗi, 125B ya ɗan fi shi girma da zurfi shi ya sa ya fi daɗin aiki in za ka sa jak, wato wurin cusa waya, a sama, 1590BB kuma shi ne faffaɗan. Akwatin kansa 'yan daloli kaɗan ne a shagunan kayan lantarki na intanet irin su Tayda da ke Tailan, kuɗin kawo shi ne ke cizo, saboda haka ku haɗu ku biyu ko uku ku yi oda tare.

Sai sanfefa mai lamba 220 da 400 da 600, in kana son ƙyalli na ƙarshe ka ƙara 1500 da 2000, duk masu sayar da kayan fentin mota suna da su kuma ba tsada. Gwangwanin fenti na feshi guda uku za ka nema: firaima wato shafin farko da ke sa fenti ya kama ƙarfe, da kalar da kake so, da kiliya wato wanda ba shi da launi mai sheƙi. Takardar sitikar ruwa, wadda ake jiƙawa hoton ya zame daga jikinta. Asiton ko sifirit na goge maiƙo, salatef na takarda, sabuwar reza, tsumma mara gashi, babban kwali, safar hannu ta roba da takunkumi.

Abin da ya fi cin kuɗi gwangwanayen nan uku ne da takardar sitika, amma fa gwangwani ɗaya yana fente akwati da yawa, takarda ɗaya ta A4 kuma tana ɗaukar fuskar fedal uku ko huɗu, don haka fedal na farko shi ne mai tsada, na bayansa kusan kyauta suke zuwa.

Hattara tun a shago: firaima da kala da kiliya su zama 'yan gida ɗaya, kamfani ɗaya iri ɗaya. In ka fesa irin fentin da ake kira laka (lacquer) a kan irin wanda ake kira enamel sinadarin da ke cikin lakar zai cinye na ƙasan ya yamutse kamar fatar tsohuwa. Karanta jikin gwangwanin da kanka, kar ka tsaya ga "duk ɗaya ne" na mai shago.

1. Huda ramuka tukuna

Kar ka taɓa fenti sai ka gama huda. Akwai masu fentewa sannan su huda, kuma suna da hujjarsu, amma ni duk sanda na gwada sai bakin dirila ya zame ya ja min layi a fuska, ko ɓarɓashin alminiyam ya karce fentin.

Ka lulluɓe fuskar da salatef na takarda ka zana inda kowane rami zai zauna, ka ɗora ƙusa ko fonc ka ɗan buga da guduma ya yi gurbi, ka fara da ƙaramin baki kamar milimita 3 sannan ka buɗa da bakin nan mai hawa-hawa kamar matattakala. Yawanci bolum ɗin nan na milimita 16, wato abin murɗawar da nob ke hawa kai, yana son ramin milimita 7, makunnin ƙafa milimita 12, jak na jita 9.5 zuwa 10, jak na wuta babba 12. Duk da haka ka auna naka da ke hannunka, kaya suna bambanta. Bayan ka huda ka jera komai a ciki ka rufe murfin ka tabbatar babu abin da ke gogar wani, domin gano cewa jak yana taɓa makunni bayan an gama fenti ba ƙaramin baƙin ciki ba ne. Sai ka kwance komai ka goge kaifin bakin ramukan.

2. Gugar sanfefa da wanki

Nan ne yawancin mutane ke yin ha'inci kuma nan ne fenti yake yanke shawarar ko zai zauna ko zai ɓare. Akwatin nan zubi aka yi shi, yana zuwa da maiƙon masana'anta da 'yan layuka da ƙuraje a jikinsa. Ka fara da 220 ka naɗe ta a jikin ɗan katako mai lebur, kar ka goga da yatsa zalla don yatsa yana yin kwari. Ka bi fuska da gefuna huɗu da murfin, sai launin ya zama ɗaya babu wuri mai sheƙi. Sai ka koma 400 ka share zanen da 220 ta bari. Iya nan ya isa, kar ka ce sai ya yi santsi kamar madubi, firaima tana buƙatar ɗan kaushin da za ta kama.

In akwai rami mai zurfi a jikin ƙarfen, ɗan bodi fila na masu gyaran mota zai cike shi, ka bari ya bushe ka goge.

Daga nan ka wanke da sabulun wanke-wanke da ruwa, za ka ga baƙin ruwa yana fita, ka ɗauraye ya bushe sarai, sannan ka goge da asiton ko sifirit har sai tsumman ya daina yin baƙi.

Hattara: daga wannan lokacin hannunka tsirara ya haramta a jikin akwatin. Gumin yatsa kaɗai ya isa ya sa fenti ya buɗe 'yan idanu zagaye-zagaye, balle a ce ka shafa mai ko ka ci ƙosai. Sa safar hannu, ko ka riƙa ɗaukarsa ta ciki. Kuma kar ka goge da kananzir ko fetur, suna barin maiƙo.

3. Shirya wurin feshi

A waje za ka yi, a inuwa, inda iska ba ta kaɗawa sosai, nesa da murhu da janareta da mai shan taba domin abin nan yana kama wuta. Ka kwantar da babban kwali a gefensa ya zama kamar ɗan ɗaki, ka ɗora akwatin a kan wani abu da zai ɗaga shi sama, ni guntun katako nake sawa ta ciki yadda bakin akwatin ba ya taɓa ƙasa kuma ina iya juya shi ba tare da na taɓa shi ba. Murfin ka fente shi daban, in ka fente su a haɗe fentin zai liƙe su ranar buɗewa ya tsage. Cikin akwatin ka toshe ramukan da salatef ta ciki, ramukan sukurori huɗu kuma ka cusa musu tsinken sakace ko ka ɗaura tsofaffin sukurori.

Yanayi yana da baki a wannan aikin. Lokacin hunturu fenti yana saurin bushewa amma ƙura ce abokiyar gaba, ka yayyafa ruwa a ƙasa kewaye da wurin kafin ka fara kuma kana gama kowane feshi ka kifa wani kwali a kai. Da damina kuma in iska ta jiƙe sosai, musamman dab da hadari ko bayan an ɗauke ruwa, kiliya tana yin hazo fari-fari maimakon sheƙi, gara ka jira rana ta buɗe. Kada kuma ka fesa a kan akwatin da ya sha rana ya yi zafi, fentin zai bushe tun kafin ya kwanta ya fito da kaushi kamar yashi.

4. Firaima

In ka samu firaimar da aka rubuta ta alminiyam ce, mai ɗan asid ɗin nan da ke cizon ƙarfe, ita ce ta fi. Alminiyam ba ya son fenti, firaimar katako ko ta ƙarfe baƙi tana iya zama yau ta ɓare bayan wata biyu. In kalarka mai haske ce kamar fari ko ruwan ƙwai ka bi da farar firaima a sama, toka-toka tana dusar da launi.

Ka girgiza gwangwanin minti biyu cur bayan ka fara jin ƙarar 'yar ƙwallon da ke ciki, ba sau biyar ka ce ya isa ba. Ka gwada a jikin kwali tukuna. Tazara tsakanin gwangwani da akwati kamar santimita 20 zuwa 30, ka danna tun kafin ka iso kan akwatin, ka wuce da shi a miƙe, ka saki bayan ka fita ɗaya gefen. Gefuna tukuna, fuska daga ƙarshe. Shafi na farko ya zama kamar raɓa, kana hango ƙarfen ta ƙasa, haka ake so. Ka jira minti goma zuwa sha biyar ka ƙara na biyu. Biyu ko uku sun isa.

In ta bushe, gara ka bar ta ta kwana, ka bi ta da 600 a hankali da ɗan ruwa, shafa kawai ba guga ba, musamman a kusurwa inda nan da nan ƙarfe yake leƙowa. Ka goge ƙurar da tsumma mai ɗan danshi ka bari ya bushe. Kar ka sa asiton a nan, zai narkar da firaimar.

5. Kala

Hannu ɗaya ne da na firaima, shafi siriri sau uku ko huɗu. Jarabar da ke kama kowa ita ce a shafi na biyu ka ga wani wuri bai rufe ba ka tsaya a kansa kana dannawa, kafin ka ankara fenti ya taru a gefe ya gangaro kamar hawaye. In hakan ta faru kar ka taɓa, kar ka goge da tsumma, ka bar shi ya bushe kwana biyu ka goge hawayen da 600 ka sake fesawa. Haka in ƙuda ko ɗan ƙwaro ya faɗa. Ni akwai wani koren akwati da na yi, shafin ƙarshe ya kwanta kamar ruwa, ina tsaye ina yaba kaina sai ga wani ɗan ƙwaro ya sauka daidai tsakiya yana ta jan ƙafa yana zana min hanya, na sa yatsa zan cire shi, to tambarin yatsan nan da na bari ya fi ɓarnar ƙwaron sau goma.

In fentin ya fito da ƙuraje kamar ɓawon lemo, ko ka yi nisa da yawa ko gwangwanin ya yi sanyi. Ka tsoma gindinsa a ruwa mai ɗumi minti biyar kafin feshi, ɗumi fa na ce, ba tafasasshe ba, kuma kar ka kusantar da shi wuta.

Hattara da lokacin ƙari: yawancin fentin enamel na gwangwani suna da ƙa'ida a rubuce, misali na Rust-Oleum da yawa suna cewa ka ƙara shafi cikin awa ɗaya ko kuma ka jira sai bayan awa 48. In ka fesa a tsakanin nan, ka ce bari in ƙara ɗaya da safe, sabon zai tayar da tsohon ya yamutse. Wannan ƙa'idar ta shafi kiliya ma.

Kalar ta zama mai sheƙi. In ka fi son mara sheƙi to ka bari sai a kiliyar ƙarshe, dalilin yana zuwa a mataki na 8.

6. Bushewa

Taɓawa ka ji ya bushe ba shi ne bushewa ba. Saman ne ya yi fata, ƙasan yana nan danye. Ka ba shi aƙalla kwana biyu, ka gwada da hanci, in har yana warin fenti sosai bai gama ba, ko ka danna farce a wani ɓoyayyen wuri a jikin murfin, in ya shiga ka ƙara jira.

Masu wannan sana'a a Turai da Amurka da yawa suna gasa akwatin a ƙaramin oban na lantarki a kan zafi kaɗan, wajen digiri 65 zuwa 90 na Salsiyos na rabin awa zuwa awa ɗaya, yana sa fentin ya yi tauri da wuri. In za ka yi, tsohon oban za ka nema wanda ba za a sake gasa abinci a ciki ba har abada, ba na uwargida ba. Mu da Allah ya hore wa rana ba ma dole sai oban, bayan fentin ya yi wasu awanni a inuwa ya kama jikinsa kana iya fitar da shi rana a ƙarƙashin wani abin da zai kare ƙura. Amma duk wani gashi a gama shi kafin sitika ta hau.

7. Zane da bugawa

Wannan kana iya yinsa a kwanakin da kake jiran fenti. Inkscape kyauta ce kuma ta fi dacewa da rubutu da layuka, GIMP ma tana yi in hoto ne. Ka auna fuskar akwatinka da rula da kanka kar ka dogara da lambar da ke takarda, domin gefunan a ɗan karkace suke, fuskar ta fi bakin ƙanƙanta, ga kuma kusurwoyi masu lanƙwasa. Ka rage milimita biyu ko uku ta kowane gefe, sitika ba ta son hawa lanƙwasa.

Ka zana da'irar kowane rami a inda yake, sannan ka zana da'ira ta biyu mai girman kan nob ɗin da za ka sa da kuma woshar makunnin ƙafa. Kuskuren da na fi gani ke nan, mutum ya rubuta suna dab da rami, ya ɗaura nob, nob ya zauna a kan rubutun. Kafin ka buga na gaske ka goge da'irorin ka bar ɗan ɗigo kawai a tsakiyar kowane rami don saiti.

Takardar sitikar ruwa kala biyu ce ta fuska biyu. Akwai ta firinta mai tawada akwai ta firinta mai leza, sannan kowacce akwai mai fari da mai garau wadda ake ganin abin da ke ƙasa. Abin da za ka riƙe shi ne firintar gida ba ta buga fari, duk inda ka sa fari a zane tsallakewa take. Kuma tawada ba ta da kauri, in ka ɗora sitika garau a kan baƙin fenti ko shuɗi mai duhu zanen ɓacewa zai yi ɗungurungum. Saboda haka garau sai a kan fari, ruwan ƙwai, ruwan toka mai haske da makamantansu, da baƙin rubutu. In dole sai baƙin akwati da farin rubutu, ka yi amfani da mai fari ka buga baƙi ya cika fuskar ya bar haruffan, amma ka san bakin sitikar zai nuna siririn farin layi sai ka bi shi da baƙin maka. Ga wanda yake farawa, fenti mai haske da baƙin rubutu, shikenan, ba ciwon kai.

Ka fara bugawa a farar takarda ta banza, girman ya zama ɗari bisa ɗari, ka cire zaɓin nan da ke sa firinta ta daidaita hoto da shafi. Ka yanke ka ɗora a kan akwatin ka ɗaga su wajen haske ka ga ko ɗigon nan sun faɗa tsakiyar ramuka. Sai ya yi daidai sannan ka saka ta gaske, a gefen mai sheƙi, kuma ka buga guda biyu ko uku a shafi ɗaya domin ta farko ba kasafai take tsira ba. Ba a juya hoton, yadda kake ganinsa haka zai zauna.

Hattara in shagon buga takardu za ka kai: ka tambayi irin injinsu. Takardar tawada in ta shiga injin leza zafin ciki yana iya narkar da ita ta manne, ka jawo wa kanka rigima da mai shago.

In ta tawada ce, dole ka rufe ta da kiliya kafin ta ga ruwa. Ka bar tawadar ta bushe awa ɗaya ko biyu, ka manna takardar a kwali, ka fesa kiliya siriri sau biyu ko uku da tazara, ka bar ta ta kwana. Karon farko da na yi ban san wannan ba, na yanko sitikata mai kyau na tsoma a kwano, ina kallo ruwan ya koma shuɗi sunan fedal ɗin ya narke ya bar min leda fara sol. Kada kuma ka labta kiliyar da yawa, sitikar za ta yi kauri ta ƙi kwanciya. Ta leza ba ta buƙatar wannan, tona, wato garin tawadar leza, ba ta narkewa a ruwa.

8. Manna sitika

Ga dalilin da na ce kala ta zama mai sheƙi. Fenti mara sheƙi yana da ƙananan ramuka da ido ba ya gani, iska tana maƙalewa a ciki ƙarƙashin sitika, in ta bushe sai ka ga fari-fari yana walƙiya kamar azurfa, kuma in kiliya ta hau kai shikenan ya zauna. In ka ga fentinka bai yi santsi ba ka fesa kiliya mai sheƙi shafi ɗaya ko biyu ka jira ta bushe sarai kafin ka zo nan.

Ka yanke sitikar da almakashi mai kaifi, kusurwoyin ka zagaye su kar ka bar tsini, tsini ne ke fara ɗagowa. Ka zuba ruwa mai ɗumi-ɗumi a faranti mai faɗi. Ka jiƙa fuskar akwatin da yatsa, wannan ruwan shi zai ba ka damar matsar da sitikar. Ka tsoma ta, za ta naɗe kamar tabarma, kar ka tsorata kar ka buɗe ta da ƙarfi, cikin daƙiƙa 30 zuwa 60 za ta saki. Ka gwada da babban yatsa, in hoton ya fara zamewa a kan takardar ta yi. In ka bar ta ta daɗe gam ɗin zai wanke ya tafi.

Kada ka zare ta gaba ɗaya ka riƙe a iska, za ta naɗe a yatsunka ta miƙe ta lalace. Ka kawo ta da takardarta kan akwatin, ka zamar da gefe ɗaya kamar santimita ɗaya ya sauka a inda ya dace, ka danne shi da yatsa mai ruwa, sannan ka janye takardar ta ƙasa a hankali sitikar tana kwanciya da kanta. Ka saita ɗigon da ramuka. In ta ƙi motsi ka ƙara ruwa a gefenta, kar ka ja da ƙarfi domin tana miƙewa kamar roba layukanka su karkace.

In ta zauna sai ka ɗauki tsumma mai laushi mai danshi ko tishu ka riƙa korar ruwa da kumfa daga tsakiya zuwa baki, a hankali, kana riƙe da ɗaya gefen. A kan ramuka kar ka danna, za ta lotsa ta yage. Akwai ruwan da masu haɗa ƙananan jiragen wasa ke amfani da shi, Micro Set da Micro Sol, suna tausasa sitika ta kwanta sosai, in ka samu to, in ba ka samu ba fuskar fedal lebur ce ba dole ba ne.

Ka kifa kwali ka tafi, sai gobe. Washegari in ka ga 'yar kumfa ka huda ta da bakin allura ka ɗiga ruwa ka danna. Sannan ka ɗauki sabuwar reza ka yanke sitikar da ta rufe ramuka, kana yankawa kana tura rezar zuwa cikin akwatin, ba kana jawowa waje ba don kar bakin ya ɗago. Ka goge tabon gam da ya bushe a kewaye da tsumma mai ɗan ruwa.

In duk wannan ya yi maka yawa ko takardar ta gagara samu, masu buga sitikar motoci da allunan talla suna iya buga maka a ledar binil su yanka daidai girman. Ta fi kauri, bakinta yana nunawa, amma tana da ƙarfi kuma suna da fara wadda ta dace da akwati mai duhu. Ka gwada kiliyarka a kan guntunta tukuna ka ga ko za su shirya.

9. Kiliyar ƙarshe

Ka tabbata babu sauran ruwa a ƙarƙashin sitika, awa 24 aƙalla, in ba haka ba hazo zai fito a ciki. Shafi biyu na farko su zama raɓa zalla daga ɗan nesa, da minti goma sha biyar a tsakani, aikinsu su rufe sitikar ne kawai. In ka fara da shafi mai nauyi sinadarin zai jiƙa ta ta yamutse a gabanka kuma babu gyara sai kankarewa. Bayan nan ka yi shafi biyu ko uku masu ɗan jiƙa waɗanda ke sheƙi suna sauka, ka haɗa har gefuna da murfi.

In kana son bakin sitikar ya ɓace gaba ɗaya kamar a jikin fentin aka buga, sai ka ƙara shafi, ka bari ya bushe kwana biyu, ka shafa 1500 da ruwa a kan katako lebur, ka sake fesawa. In ka ga launi a jikin sanfefar ka tsaya nan take, ka cinye kiliyar ka isa zane. Daga ƙarshe 2000 da ɗan man folish na mota.

Wata hanya kuma, in kana da sanayya da mai fentin mota, ka kai masa ya haɗa da aikin da yake yi ya watsa masa kiliyarsu mai hadina, wato sinadarin da ake gauraya mata don ta yi tauri, ta fi ta gwangwani tauri nesa ba kusa ba. Ka gaya masa dai ya fara da raɓa, kuma ka ba shi murfin ya gwada a kai tukuna. Kar ka ce za ka fesa irin wannan da kanka a tsakar gida da takunkumin yadi, gubar da ke cikinta tana illa ga huhu.

Sai jira na ƙarshe, mako guda kafin ka ɗaura komai. Na san da wuya.

10. Haɗawa

Fenti ya rage faɗin ramuka, in bolum ya ƙi shiga kar ka tura da ƙarfi fentin ya tsage, ka kankare cikin ramin da reza ko ƙaramar zarto mai zagaye, kana turawa ciki.

Abin da ake mantawa shi ne akwatin nan ba ado kaɗai ba ne, shi ne ke kare sakit daga hayaniyar wutar lantarki, kuma yana yin hakan ne in yana haɗe da layin at, wato layin ƙasa na sakit ɗin, ta jikin jak. Firaima da fenti ba sa wuce wuta. In feshi ya shiga ciki ya rufe kewayen ramin jak, fedal ɗin da yake shiru kafin fenti zai dawo yana ƙugi kamar tiransifoma, ka yi ta zargin dalmarka a banza. Ka kankare kewayen ramin jak ta ciki har ƙarfe ya fito fes, ka sa wosha mai haƙora, haka ma inda sukurori ke kama murfi. In kana da mitar gwada waya ta masu gyaran lantarki ka auna tsakanin jikin jak da murfin ka ji ta yi ƙara.

Wajen ɗaure noti kar ka kusanto da filaya, sau ɗaya za ta zame ta tafi da aikin mako biyu. Soket ko sifana mai zobe daidai girman notin, ka manna salatef a bakinta, ka sa wosha a ƙarƙashin kowane noti, ka riƙe kayan ta ciki don kar ya juya. In notin ya kama ka ƙara kaɗan ka tsaya, in ka matse da yawa woshar za ta murɗe kiliyar ta tattaro sitikar kewaye da ramin. Makunnin ƙafa yana zuwa da farar woshar roba, ita ce ke zama a sama tsakanin noti da fenti.